Wannan "cookies" da shafuka ke tambaya, a danna accepter ko a ƙi?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, wuta ce ta ɗauke mana kuma batir ɗina shina gab da mutuwa, shi ya sa sai yanzu. Kin ce duk shafin da kinka buɗe a salula sai wani allo ya taso ya ruhe miki rabin huska da maganar "cookies", wai ki danna "Tout accepter" ko "Refuser", wata ƙawarki ta ce birus ne, wani kuma ya ce miki shi ke shanye mega, sannan tun ran da kinka nemi farashin keken ɗinki a intanet tallar keken ɗinki ke binki ko'ina har cikin Facebook. Tsoronki kar a sace kont ɗin da kike tallar atamfa da shi. To zauna ki ji, don na riƙe siber shekaru a nan Maradi kahin in koma gyaran ordinatar da salula zalla, abin ga na gan shi ta gaba na gan shi ta baya.

Mu fara da kasuwa. In kinka je babbar kasuwa da babur, ko dai wanki ya kai ki, ai akwai mai gadin babura, a ba shi babur ya yago ƴar takarda mai lamba ya miƙo, ya maƙala irinta a jikin babur ɗin. Mutumin nan babura nawa ke wucewa ta hannunshi a wuni, ba ya iya riƙe huskar kowa, kuma ba ruwanshi da huska ma, lamba yake dubawa. Ka dawo ka miƙa takarda ya duba ya ba ka abinka. To kuki, wato "cookies" ɗin, takardar nan ce, ba wani abu ba. Babbar na'urar da ke riƙe da shafi mantuwa gare ta fiye da mai gadin ga, haka anka gina intanet tun asali, duk sadda kinka danna wani wuri a shafi kamar baƙuwa ce sabuwa ta yi sallama, ba ta san ke ce kinka sa modepas minti ɗaya da ya wuce ba. Don haka sai shafin ya rubuta ƴar lamba ya ba nabigatar ɗinki, wato Chrome ko Opera ko Phoenix ɗin nan da ke zuwa cikin Tecno da itel, wanda ƴan Najeriya ke ce ma burauza, ya ce riƙe wannan, duk sadda kinka dawo nuna mini. Nabigatar ya adana, kuma ko wane dannawa sai ya miƙa lambar ba tare da kin sani ba. Shi ya sa kike shiga Facebook yau ki ruhe ki dawo gobe ba a sake tambayarki modepas ba.

Wani saurayi mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro dabarar a 1994, shina aiki a kamfanin Netscape a Amurka, kuma matsalar da yake son warwarewa ta ƴan kasuwa ce, ta yaya kanti na intanet zai tuna kayan da mutum ya zuba a kwando kahin ya kai wurin biya. Sunan kuma tsohuwar kalma ce ta masu rubuta furogiram, kar ki wahal da kanki da neman alaƙarshi da biskit.

Yanzu maganar ƙawarki. Kuki ba birus ba ne kuma ba zai iya zama birus ba, saboda rubutu ne kawai, suna da lamba da ranar mutuwa, ba furogiram ba ne da zai tashi ya yi wani aiki cikin waya. Ba ya buɗe hotunanki, ba ya karanta saƙonninki, ba ya shiga lambobin mutanenki, bai san kod ɗin kuɗɗinki ba. Takardar mai gadi ba ta tuƙa babur. Kuma akwai wata ƙa'ida mai muhimmanci, nabigatar ba ya miƙa kukin wani shafi ga wani shafi daban, wanda RFI ta ba ki RFI kaɗai ke ganinshi, shafin jami'a ba ya ganin na Facebook.

Maganar mega ma haka. Girman kuki guda iyakarshi wajen kilo-okte 4, akasarinsu ma ba su kai kusa da haka ba, ke nan sai an tara manya-manyansu wajen 250 kahin su cika mega 1, hoto guda na atamfa da kike turawa ya hi kuki guda nauyi nesa ba kusa ba. Abin da ke cinye miki forfe bidiyo ne masu tashi da kansu, da statu na WhatsApp, da TikTok, da aplikasiyo masu sabunta kansu cikin dare kina barci. Har ma akwai wani abin dariya, mutane suna zuwa shagona su ce sun goge komi da komi don su rage cin mega, alhali sun haɗa da abin da ake ce ma kash, wato hotuna da kayan shafi da waya ta adana don kar ta sake sauke su, sun goge shi sai wayar ta koma ta sake sauke komi daga farko da megansu. Kash daban, kuki daban, wuri ɗaya kawai suke zaune a cikin parametir.

Kukis ɗin kansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na zama guda, wanda ya kamata ya mutu da zarar an ruhe nabigatar, na ce ya kamata ne saboda a salula wa ke ruhe Chrome da gaske, hita kawai muke yi mu bar shi a baya da shafi hamsin a buɗe, don haka suna iya daɗewa. Akwai kuma masu ranar mutuwa, wani mako guda wani wata uku wani shekara, Chrome yanzu ba ya barin a sa ma kuki wa'adin da ya wuce kwana 400, amma fa duk sadda kinka koma shafin ana iya sabunta wa'adin daga farko. Wasu aikinsu tuna cewa Faransanci kike karantawa ba Ingilishi ba, wasu tuna kwandon saye, wasu ƙirga baƙi don mai shafi ya san mutum nawa sunka zo, wasu kuma tuna cewa kin riga kin shiga. Riƙe wannan na ƙarshen a ranki za mu dawo kanshi.

To mi ya sa keken ɗinki ke binki, tunda na ce shafi ba ya ganin kukin wani shafi? Nan ne wayon yake. Ki ɗauka akwai wani dillali da ya roƙi ƴan kasuwa kowa ya bar shi ya aje ɗan benci a bakin shagonshi, shagon atamfa shina da benci, shagon takalma shina da, farmasi shina da, har wurin mai sai da kekunan ɗinki. Ran da kinka fara shiga ɗaya daga cikin shagunan sai ya maƙala miki tashi lambar a gyale, daga nan duk shagon da kinka shiga mai bencinshi sai ya duba lambar ya rubuta a littahi, mai lamba kaza ta taya keke yau, jiya ta tambayi maganin ciwon baya, shekaranjiya ta duba leshi. Mai takalma bai san kin je farmasi ba amma dillali ya sani. Benci a nan shi ne ƴan abubuwan da masu shafi ke dasawa cikin shafinsu daga wasu kamfanoni, gurbin talla na Google, maɓallin Facebook, bidiyon YouTube, wani ma ɗigo ne guda da ido ba ya gani. Shafi ɗaya kike kallo amma wayarki da kamfani goma ko ashirin take magana, kuma ko wannensu na iya aje nashi kukin. Su ake ce ma "cookies tiers", kukin ɓangare na uku, wato ba ke ba, ba mai shafin ba, wani na gehe. Da littahin nan ake sai da talla, mai keke ya biya a nuna kekenshi ga wadda ta riga ta taya. Ba aljani ba ne, kuma ba sai an saurari hirarki ba kahin hakan ta faru, sawunki kawai anka bi.

Shin abin damuwa ne? A ganina e, amma daidai gwargwado. Ba kuɗɗinki suke ɗauka ba, halinki suke tarawa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa wani kamfani a wata uwa duniya ya san ciwon da nike neman maganinshi da ƙarhe biyun dare ba. Akwai kuma na kusa wanda ya hi taɓa mu, wayar da ake karɓa-karɓa a gida, ki nemi wani abu na sirrinki, ƙanenki ya ari wayar zai kalli ƙwallo sai ga tallar abin ta hito mishi.

Allon da ke damunki kuma ba don mu anka yi shi ba tun farko. Dokar Tarayyar Turai ce, tun 2009 sunka ce sai an nemi yardar mutum kahin a aje mishi kukin da ba na dole ba, sannan babbar dokarsu ta kare bayanai ta fara aiki ran 25 ga Mayu 2018 da tara mai zahi, shi ne kowa ya shiga taitayinshi. Mu kuma da yake shafukan Faransa muke yawan karantawa, labarai da darussa da neman bursu, sai abin ya zama kullum shina gabanmu. Kamfanonin sun so su yi wayo, su sa maɓallin yarda ƙato mai launi, na ƙi kuma a ɓoye shi sai an danna wuri uku ko huɗu, har sai da CNIL, hukumar kare bayanan mutane ta Faransa, ta ci Google tarar yuro miliyan 150 da Facebook miliyan 60 a farkon 2022 a kan wannan kaɗai, cewa ƙi ya hi yarda wuya. Ki lissafa da sefa, ta Google kaɗai ta haura miliyar 98. Tun daga nan "Tout refuser" ya ƙara hitowa hili kusa da ɗan'uwanshi. Mu ma a Nijar muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita a Yamai.

Amsar kai tsaye ke nan, in kin ga "Tout refuser" danna shi, in babu duba can sama a lungu sau da yawa akwai ƙaramin rubutu "Continuer sans accepter", shi ma daidai ne. Shafin zai yi aiki lahiya lau, don kukis na dole, irin na shiga da na kwando, ba sa cikin abin da ake tambayarki, su ana aje su ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Wasu jaridun za su ce ko ki yarda ko ki biya abonema, nan sai ki auna ko labarin ya kai. In kuma kin riga kin danna accepter sau ɗari a baya kar ki hana kanki barci, ba abin da ya ɓace sai ɗan sirri, kuma ana gogewa.

Amma ki lura da kyau, akwai wani allo mai kama da shi wanda shi ne mugun, kuma mutane ba sa bambancewa. Wanda ke hitowa ya ce shafi kaza na son turo miki "notifications", da "Autoriser" da "Bloquer". Wannan ba kuki ba ne. Shafukan sauke fim da waƙa kyauta da na kallon ƙwallo su sunka hi yin shi, wani ma ya ce danna Autoriser don ka nuna kai ba robo ba ne, da kin danna shi ke nan sun samu ƙofar turo miki saƙo a saman waya dare da rana, wai wayarki ta kamu da birus 5, wai kin ci iPhone, wai danna nan. Mahi yawan wayoyin da ake kawo mini a ce birus ya shiga wannan ne kawai, in shiga parametir na Chrome, wurin "Paramètres des sites", in buɗe "Notifications" in cire su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu an gama, har kunyar karɓar kuɗɗi nike ji. Ina zaton ma irin wannan ne ya samu ƙawar taki ta ɗora ma kuki laihi. Wannan kullum Bloquer.

Yanzu mu dawo kan wanda na ce ki riƙe, don a nan ne nike ganin an bar jaki ana dukan taiki. Kowa na faɗa da allon accepter, ba mai maganar kukin shiga, alhali shi ne kaɗai zai iya raba ki da kont ɗinki. Tuna mai gadin babura, na ce ba ruwanshi da huska. Duk wanda ya kawo takarda shi ke tahiya da babur. Haka shafi yake, da zarar kin sa modepas ya ba ki kukin shiga, daga nan ba ya sake tambayar modepas, kukin yake dubawa, kuma duk wanda ya zauna gaban na'urar da kukin ke ciki, a wurin Facebook ke ce. Ba ya buƙatar sanin modepas ɗinki. Ko kin kunna tsaron nan mai mataki biyu da ake turo kod ta SMS, shi a bakin ƙofa yake tsaye, wanda ya tarar da ƙofa a buɗe ba mai tambayarshi kod.

Sadda nike da siber, kusan kullum in na zo kashe injina da dare sai na tarar da akwatin imel ko Facebook na wani a buɗe, ɗalibai musamman lokacin rajista da lokacin tura takardun neman aiki, mutum ya zo a gurguje ya buɗe Gmail ya hiddo takarda a buga mishi, lokacinshi ya ƙare, ya danna ɗan kuros ɗin nan na sama ya tashi ya hau kabu-kabu shina ganin ya ruhe. Bai ruhe komi ba, labule kawai ya saki. Akwai yaron da abin ya ritsa da shi a wurina, wanda ya zauna bayanshi ya tarar da Facebook ɗinshi a buɗe, ya bi ƴan'uwanshi ɗaya bayan ɗaya da saƙo wai ya yi hatsari a hanyar Dan Isa a turo kuɗɗi da gaggawa ga wata lamba, kahin yaron ya farga wata gwaggonshi ta riga ta tura. Ya zo shina rantsuwa bai taɓa ba kowa modepas ɗinshi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tun ran nan na saita injinan su riƙa goge komi da kansu in an ruhe nabigatar, amma siber nawa ke yin haka, kuma ke da kike zuwa buga takarda ba ki da hanyar sani.

Ke kuma naki ya hi na yaron nan haɗari, don kont ɗinki shago ne. Masu sayen atamfa sun saba turo miki kuɗɗi kahin kaya su isa, wanda ya shiga da sunanki zai karɓi kuɗɗin mutum biyar kahin azahar, kuma ke za a zo nema har gida.

Don haka ga yadda nike so ki riƙa yi a duk na'urar da ba taki ba, siber ne ko ordinatar ɗin ofis ko ta ƙawa. Kahin ki rubuta komi buɗe "Navigation privée", a Chrome ki danna Ctrl da Shift da N tare, taga mai duhu za ta hito, duk kukin da anka aje a cikinta na mutuwa in kin ruhe ta, amma sai kin ruhe duka tagogin masu duhu ba ɗaya kaɗai ba. In kin ga ɗan akwati "Se souvenir de moi" ko "Rester connecté" kar ki sa mishi alama, in nabigatar ya ce ya adana modepas ki ce a'a. In kin gama, nemi "Se déconnecter" ki danna da hannunki ki ga ya maido ki shafin shiga, wannan shi ne yaga takardar a gaban mai gadi, ko da wani ya kwahi lambar ta riga ta mutu. Sannan ki duba wurin da takardun da kinka sauke sunka zauna ki goge su, don taga mai duhu ba ta goge wannan, na sha tarar da hoton katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa na mutane zube a cikin "Téléchargements". Kuma kar ki ɗauka taga mai duhu layar zana ce, kamfanin rezo da mai siber suna iya sanin shafukan da anka shiga, in kuma injin na da furogiram mai naɗe abin da ake bugawa ba abin da za ta tsare miki, shi ya sa harkar kuɗɗi ni ban yarda a yi ta a siber ba sam.

WhatsApp na ordinatar shi ma haka, ko da yake ba ainihin kuki yake amfani da shi ba, wata ma'ajiya ce ƴar'uwarshi, amma halinsu ɗaya. In kin taɓa ɗaukar hoton kod ɗin nan mai murabba'i a siber don ki tura takarda, to injin nan na iya ci gaba da karanta hirarki har yau. Shiga WhatsApp a wayarki, ɗigo uku, "Appareils connectés", duk wanda ba ki gane ba hidda shi.

Akwai kuma ɓarayin da ba sai sun zauna kujerarki ba. Furogiram na sata da ake saukewa kyauta, da fayil ɗin da wani zai turo wai kwangila ce ko katalog buɗe ki gani, wasunsu aikinsu kawai su kwashe kukis na nabigatar su tura ma mai su, da haka ake ƙwace manyan shafukan Facebook da tashoshin YouTube na mutanen da ke ganin sun ƙulle ko'ina. A da ma abin ya hi haka sauƙi, a 2010 wani ya saki ɗan furogiram mai suna Firesheep wanda ke tsintar kukis ɗin mutane daga iska a wifi na jama'a, shina cikin abin da ya tura manyan shafuka komawa https gaba ɗaya, wato hanyar da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin na'urarki da shafi. Yau wannan ƙofa ta ruhe a yawancin wurare, in dai adireshin ya fara da https.

A wayarki ta kanki kuwa aikin kaɗan ne. A Chrome danna ɗigo uku, "Paramètres", "Confidentialité et sécurité", ki nemi "Cookies tiers" ki zaɓi a toshe su, sunayen na ɗan sauyawa daga waya zuwa waya amma kalmar tiers ɗin za ki nema. Wannan shi ne korar dillali da bencinshi, sau ɗaya ake yi. Masu iPhone nabigatar ɗinsu Safari na toshe su da kanshi tun 2020, nabigatar Firefox ma ya fara toshe masu bin sawu tun 2019, Chrome ne ya yi alkawari a 2020 cewa zai kashe su cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya ce ya fasa, kuma ba abin mamaki ba ne ga kamfanin da talla ce abincinshi. Jefi-jefi wani shafi zai ƙi aiki daidai bayan kin toshe, musamman wurin biya ko wani bidiyo, sai ki buɗe ma shi kaɗai. Abin da ba na so ki yi shi ne toshe kukis duka gaba ɗaya, in kin yi haka ba inda za ki iya shiga, ki sa modepas ya maido ki baya, ki sa ya maido ki, har ki ce rezo ne.

Gogewa kuma tana wuri guda, "Supprimer les données de navigation", ki zaɓi tsawon lokaci, ki sa alama a kan kukis. Amma tsaya, kahin ki danna, kin san modepas ɗinki? Ba da wasa nike ba. Mutane da yawa a garin ga wani yaro ne a bakin kasuwa ya buɗe musu kont shekara biyar da ta wuce, modepas ɗin ya tahi da yaron, layin da anka buɗe da shi ma ya ɓace, kukin nan ne kaɗai igiyar da ke riƙe da su. Ran da sunka goge sai kuka. Tabbatar kin san shi kuma lambar da ke kan kont ɗin tana hannunki tukuna. In kuma shafi ɗaya ne ke miki gardama, ya ƙi buɗewa ko ya riƙa juyawa wuri ɗaya kamar yadda shafukan rajista ke yi, ba sai kin rushe gari ba, danna ƴar alamar da ke hagun adireshin ki goge nashi shi kaɗai. Wani abu kuma da ke ruɗa mutane, in da kont ɗinki na Google kinka shiga Chrome ɗin kanshi, goge kukis ba ya hidda ki daga Google, sai kin hita da kanki.

Kar in yi miki alkawarin ƙarya, ko kin yi duk wannan talla ba za ta ƙare ba, za ta dai rage saninki. Aplikasiyo na Facebook da TikTok ba su dogara da kukin Chrome ba, kin riga kin shiga da sunanki, duk abin da kinka tsaya kallo suna gani, kuma in kin danna wani adireshi daga cikin Facebook a ɗan nabigatar ɗinshi na ciki yake buɗewa mai nashi kukis daban. Android ma na da wata lamba ta talla, tana cikin parametir na waya wurin Google, sashen "Annonces", a sababbin wayoyi ana iya goge ta. Keken ɗinkin nan dai zai ɗan ƙara binki na wasu kwanaki tunda ya riga ya shiga littahi.

Abin da nike so ki yi yau kahin ki kwanta, shiga Facebook, parametir, wurin modepas da tsaro, akwai inda anka jera duk na'urorin da kont ɗinki ke buɗe a ciki, da irin na'urar da ranar da anka shiga. Gmail ma na da irinshi a sashen tsaro. Kar sunan gari ya tsorata ki, sau da yawa zai rubuta Yamai alhali kina zaune a unguwar Zariya ko Ali Dan Sofo a Maradi, ta can rezon ke hita, irin na'urar za ki duba. In kin ga Windows ke kuwa ba ki da ordinatar, ko tsohuwar wayar da kinka sayar bara ba ki goge ba, hidda su duka sannan ki sauya modepas. In wani abu ya shige miki duhu ɗauki hoton allon ki turo mini, amma ki ruhe lambarki da imel ɗinki kahin ki turo.